Kujerun da Babanki Bai Zauna a Kansu Ba

Zuwa ga 'yata Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar biki, ina gaida maigidanki Bashir. Allah ya tsare muku hanya, ya tsare direba da motarsa, ya sauke ku Berberati lafiya kafin ruwan sama ya tare ku. Allah ya sa gidan da za ki shiga ya zama wurin hutawa gare ki da wanda ya kai ki.

Na ce wa Goggonki Delu kada ta miƙa miki takardar nan sai kun wuce shingen Kilomita Goma Sha Biyu na bakin gari, inda ba za ki iya cewa a juyo da mota ki zo ki ba ni amsa ba. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Na san da Sango ce ko Faransanci, da kin haɗiye ta a tsaye kamar saƙon waya. Hausa za ta sa ki tafi a hankali. Kalmar da ta gagare ki, ga Goggonki nan kusa da ke, ba ta taɓa rasa abin faɗa ba.

Fushi nake yi da ke. Kin gani a fuskata tun ranar da aka kawo kayan ɗakinki daga kasuwa, kika ɗauka kukan rabuwa nake dannewa. Akwai wannan. Amma ga abin da ya ƙona mini rai. An sauke sababbin kujerunki a tsakar gida, Bashir ya shigo jiƙe da gumi, tun safe yana yawon neman motar kaya. Ya ga doguwar kujera, ya je zai zauna. Sai na ji muryarki:

"Haba Bashir, tashi mana! Ba na zama ba ne, na baƙi ne. Kuma kada wanda ya taɓa mini ledar jikinsu."

Ya zabura kamar ya taka garwashi, ya yi 'yar dariyar kunya, ya kifa bokiti ya zauna a kai. Mata suka fashe da dariya. Goggonki ta tafa hannu ta ce, "Hajara, wallahi kin haifi kanki!" Ni kaɗai ce ban yi dariya ba, domin na gane muryar. Tawa ce. Har inda kika ja "mana" ɗin, haka nake ja. A bakina kika ɗauke ta kina yarinya, kika ajiye, kika fito da ita a kan mutumin da ko kwana ba ki yi a gidansa ba. Ba na so ki shiga Berberati da wannan murya. Dalilin wasiƙar ke nan.

Amma na san ki. In na fara da zancen zuciya za ki ninke takardar ki ce Mama ta fara. To bari in fara da katako da ƙarfe, tunda su kike ji.

Kin tuna kantar littattafaina, ta jan katakon dajin Lobaye? Da aka kawo ta, na sa aka manna ta da bango sosai, don a ganina ta fi kyau haka. Kullum ina share gabanta, ina goge gilashinta, ina jin kaina. Ban taɓa leƙa bayanta ba. Ranar da na zaro wani littafi da na daɗe ban buɗe ba, bangonsa kawai ya biyo hannuna, ciki kuwa ƙasa ce. Gara ta hau ta jikin bango ta shiga ta baya, ta cinye layin ƙasa gaba ɗaya. Babanki ya tsaya a kaina ina kuka, ya ce, "Ki yi haƙuri, aƙalla dai yanzu akwai wanda ya karance su tas a gidan nan." Ban yi masa magana ba har washegari. Saboda haka, duk abin da yake katako ne, ki bar tsakaninsa da bango faɗin tafin hannu. Ki ɗora ƙafafunsa a kan guntun tayil ko bulo. Duk ranar da kike babbar shara, ki ja shi ki duba baya. In kin ga siririyar hanyar ƙasa a jikin bango, kada ki ce sai gobe: ki kankare, ki shafa kananzir, ki bi ta har inda ta fito. In kin ga gari mai laushi ya zubo a ƙarƙashin tebur, ƙwaro ne a ciki. Ki ƙwanƙwasa katakon da yatsa. Mai lafiya yana amsawa da nauyi, wanda aka cinye yana amsawa kamar ƙwarya.

Teburin cin abincinki katakon gaske ne, shi ya sa ya yi nauyi har masu ɗauka suna ƙorafi. Ba ya son ruwa, ba ya son rana, ba ya son garin sabulu. Ni na wanke namu da garin sabulu da soson ƙarfe, wai ina tsabta, na ɗebe masa ƙyalli ya koma kamar allon yankan nama. Tsumma mai laushi ya isa, ki matse shi sosai, ki bi da shi yadda zanen katakon ya kwanta, ki bi da busasshe. Kada ki ɗora tukunya ko butar shayi mai zafi kai tsaye, farin zoben da za ta bari ba ya fita. Faifai ba tsada gare shi ba.

Sif ɗin kayanki kuwa, kada ƙyallinsa ya ruɗe ki. Ba katako ba ne, dusar zarto ce aka manne aka lulluɓe da hoton katako. Irinsa na taɓa yi. Ina wanke ɗaki da ruwa bokiti-bokiti yadda aka koya mini a gidanmu, ruwa yana kwanciya a ƙarƙashinsa. Ƙafafunsa suka kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, ƙofofi suka daina haɗuwa, wata rana ya durƙusa da kayana a ciki. Wannan ba a gyara shi. Ki ɗaga shi daga ƙasa tun ranar farko, kada ki ja shi yana cike, kuma in kin kafa shi wuri ɗaya ki bar shi nan, domin kusoshinsa ba sa jure a kwance su sau biyu.

Gadon ƙarfe shi ne mai haƙuri a cikinsu, amma ni har shi na ƙure. Na ga ɗan ɗigon tsatsa a kusurwa, na rufe da zanen gado, tunda ba mai gani. Tsatsar ta ci ta huda, ta ɓata mini katifa da jan tabo. Da na goge wurin da takarda mai kaushi ta kafintoci na ɗiga masa fenti, da an gama. Berberati ta fi Bangui laima, an ce tufa ma sai ta yi wari kafin ta bushe. Ki duba mahaɗar ƙarfe duk shigowar damina.

Sai tim-tim ɗin fata da na sa miki a kaya. Kakanki ne ya zo da shi daga Damagaram, kuma a kansa babanki ya fi zama. Fatar ta taɓa bushewa, ni kuma da iya yina na shafe ta da man gyaɗa. Ya yi ɗoyi, tururuwa ta yi masa layi, ɓera ya ci gefe ɗaya. Facin da kike gani ke nan. Man kaɗanya kaɗan a kan yatsa, a murza har ya ɓace, a ajiye a inuwa. Iyakarsa.

Duk waɗannan kurakurai ne na rashin sani, kuma kaya kawai suka ci. Wanda zan faɗa miki yanzu da sanina na yi shi, da taƙama ma.

Kina ƙarama babanki ya sayo mana kujerun kushin daga wata motar kaya da ta zo daga Duwala. Karammiski ne kore shar, doguwa ɗaya da ƙanana biyu, an naɗe su da leda mai kauri tun daga inda aka ƙera su. Maƙwabta har leƙe suke yi ta katanga. Da aka shigar da su falo, ya zaro almakashinsa na yankan atamfa daga aljihu, wanda yake zuwa da shi daga shago kullum. Na riƙe masa hannu.

"In ka taɓa ledar nan, ni da kai ne."

"Hajara, ni fa don in zauna na saya."

"Za ka zauna. Sai ranar da manyan baƙi suka zo, a same su sababbi."

Ya dube ni, ya mayar da almakashin aljihu, ya ce, "To, Allah ya kawo su."

Ya gwada zama a kan ledar sau ɗaya ko biyu. Kin san zafin garin nan. Leda ta manne masa a baya, rigarsa ta jiƙe, duk motsi sai ta yi ƙara, ni kuma ina tsaye ina cewa ya yi a hankali kada ya fasa ta. Sai ya haƙura ya koma kan tim-tim. Duk Juma'a in ya dawo daga masallacin Koudoukou, sai ya tsaya a ƙofar falo ya rusuna wa kujerun, ya ce, "Ranku ya daɗe, sannunku da hutawa." Ke kina dariya har kina faɗuwa. Ni ma ina dariya. Ban taɓa tambayar kaina ko wasa yake yi ba.

Kada ki ɗauka rowa ce. A ɗaki ɗaya na tashi a unguwar Yakité, mu da yawa, ba ko kujerar tsuguno ta biyu. Na girma ina karanta littattafan da a cikinsu gidajen mutanen kirki suke da ɗakin da ba a shiga sai da dalili. Na ƙudura a raina ni ma sai na yi irinsa. Karatu ya buɗe mini ido a abubuwa da yawa, amma a wannan, ƙarin wauta ya yi mini, wauta mai ado.

Sai rikici ya zo. Ba sai na ba ki labarinsa ba, kin ji ƙarar da kunnenki. 'Yan'uwa da waɗanda ba mu ma sani ba suka gudo daga wasu unguwanni suka shigo unguwarmu ta Kilomita Biyar, fita kuwa ta gagari kowa. Gidanmu ya cika har zaure. Me uwarki ta yi? Na sa aka tattara kujerun a kusurwar falo, aka ɗora ƙanana kan babba, na ƙara lulluɓe su da tampol, na ɗaure da igiya. Akwai wata tsohuwa a cikin waɗanda suka zo, ta yi tafiya har ƙafafunta sun kumbura, in ta zauna ƙasa sai an kama ta take tashi. A kan siminti ta zauna duk zamanta a gidanmu, ta jingina da tampol ɗin. Goggonki ta ce mini a gaban mutane, "Hajara, manyan baƙin naki har yanzu suna hanya ne? An tare su a shinge?" Na ce ta kula da tukunyarta. Babanki ya bari sai da ya same ni ni kaɗai a madafa. Ya ce a hankali, "Hajara, ai waɗannan su ne baƙin."

Kin san me na amsa? Na ce, "In sun tafi, mu da me za mu saura?"

Na sha juya maganar nan a raina. Duniya tana ƙonewa a waje, shagonsa a rufe, ba wanda ya san gobe. Na riƙe kujerun nan kamar su ne shaidar cewa wata rana za mu koma mutane. Wannan ne uzurina, kuma na auna shi na ga bai kai nauyin ƙafar tsohuwar nan ɗaya ba.

Kwanon rufi yana ɗiga a wannan kusurwa, ɗigo kaɗan. Na sani. Na ce ai akwai leda.

Bayan abubuwa sun lafa, mutane suka watse, na cire tampol, na jera kujerun yadda suke. Ledar ta yi ɗan hazo daga ciki, na goge ta daga waje na wuce. Ciwon babanki kuma ya tashi. Ƙirjinsa ya riƙa tara ruwa, in ya kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune yake samun sauƙi. Tim-tim ba shi da majingina. Gado bai yi masa ba. Wata rana bayan la'asar, kina makaranta, ya kira ni. Ya daɗe yana tara numfashin da zai yi maganar. Ya ce:

"Hajara, yau dai ki ara mini kujerarki."

Ara. Mutumin da ya tsaya a shago da ƙafafunsa ya saye su.

Na ruga na ɗauko almakashinsa, na tsaga ledar doguwar daga wannan hannu zuwa wancan. Warin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Fumfuna ce baƙa da fara ta rufe ko'ina. Na taɓa karammiskin, ya biyo yatsuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Soson ciki ya zama gari. Na tsaga ta biyu, na tsaga ta uku, duk ɗaya. Ruwan da ya sami hanya ya shiga bai sami hanyar fita ba, ya zauna a ciki yana dafa su damina bayan damina, ni kuma ina goge musu fuska kullum safe. Warin ya shaƙe babanki, ya kama tari har na ɗauka shi ke nan. Na ja shi waje da ƙyar. Da numfashinsa ya dawo, sai na ga yana murmushi. Ya ce, "Ashe su ma sun gaji da jiran baƙin."

Bai ƙara ambaton su ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sauran kwanakinsa a kan farar kujerar roba ya yi su, waccan da na bari a rana har ta tsage na ɗaure da waya. Na cusa masa matasai ta ko'ina, amma hannun kujerar yana cin gwiwar hannunsa har ya yi masa ciwo. Na aika a nemo kafinta ya yi masa mai majingina, an auna, an yanka katako. Ba a kai ga haɗawa ba. Daga kan robar nan aka ɗauke shi. Allah ya jiƙansa, ya ba shi wurin hutawar da matarsa ta hana shi.

Ranar da na tsaga ledar, da kika dawo daga makaranta kika tarar an fitar da kujerun bayan gida, na ce miki rufi ne ya ɓata su. Rufi ya yi nasa. Amma leda ce ta riƙe ruwan, ni kuma na riƙe ledar. Ban faɗa miki wannan rabin ba, shi ya sa kika tashi kina ganin kuskurenmu kawai shi ne rashin gyara kwano. Shi ya sa kika tsaya a tsakar gidana kika kori mijinki daga kan kujerarsa, kina jin kin yi abin da uwarki za ta yaba.

To ji yadda ake kula da kujerar kushin, daga bakin wadda ta kashe guda uku. Iska take so. Ki buɗe tagogi kullum safe. Ki janye ta daga bango, kuma kada ki ajiye ta ƙarƙashin inda ke ɗiga ko da ɗigo ɗaya ne. Ki kakkaɓe ta da buroshi mai laushi, ki riƙa juya matasan don kada gefe ɗaya ya lotse. In rana ta fito bayan ruwa, ki fitar da matasan su sha iska a inuwa, ba cikin tsakiyar rana ba, kada launi ya koɗe. In kina tsoron datti, ki shimfiɗa zane mai kyau wanda za ki cire ki wanke, zane yana numfashi. In shayi ko miya ta zube, kada ki murza, murzawa tura shi ciki take yi. Ki danna da busasshen tsumma ya tsotse, sannan ruwan sanyi da farin sabulu kaɗan, daga gefen tabon zuwa tsakiya, ki bar shi ya bushe sarai. Kuma a zauna a kanta. Wanda yake zama a kujera shi ne yake fara jin ta yi sanyi, ko ta fara wari, ko ƙafarta tana rawa. Da babanki yana zama a kan namu, da tun ɗigon farko ya gaya mini.

Za su tsufa, Zainabu. Hannunsu zai yi duhu inda Bashir yake ɗora nasa. Wuri ɗaya zai lotsa daidai jikinsa. 'Ya'yanki, in Allah ya kawo su, za su yi musu abin da ba ya faɗuwa. Ni yau da zan sami kujera ɗaya a gidan nan mai lotsawar jikin babanki, da na ba da kantar littattafan da abin da ya rage a cikinta. Na duba ko'ina. Tim-tim kaɗai ya riƙe alamarsa, shi ya sa na ba ki shi, ko da yake ban san a kan me zan riƙa ɗora hannuna da yamma ba.

Yanzu ga abin da na yi, ki yi fushin tun a mota ki gama kafin ku isa. Ranar da aka tafi da ke gidan Goggonki wajen lalle, na ɗauko almakashin babanki na yanke ledar kujerunki duka, har wadda aka ɗinke a ƙarƙashi. Na ba masu shara. Na naɗe kujerun da tsofaffin zannuwana saboda jar ƙurar hanya, aka ɗaure da tampol. In kun isa ki kwance a ranar, kada su kwana a ɗaure.

Kafin a naɗe, na haɗa shayi na zauna a kan doguwar. Zainabu, laushi gare ta. Ban san haka suke ba. Na jingina bayana yadda ya so ya jingina nasa, sai na manta da kofin da ke hannuna, shayin ya zube a hannun kujerar na dama. Ina da tsumma a kafaɗata. Ban danna ba. Za ki ga tabon, ya kai faɗin bakin kofi. Na riga na faɗa miki yadda ake fitar da irinsa, in kin ga dama ki gwada. Amma da za ki ji tawa, ki bar shi. Tabon farko na uwarki ne, ba sauran sabuwar kujerar da za ki tsare. In Bashir ya dawo daga shago ya tsaya yana neman bokiti, ki kama hannunsa ki zaunar da shi. Almakashin yana cikin aljihun jakarki na ciki.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin dare da na rana. Allah ya sa albarka a ɗakinki da abin da ke cikinsa, ya cika shi da mutanen da za su tsofar da shi. Ki gaida Goggonki, ki ce mata na ji maganarta, ta makara ne kawai wajen shiga kunnena. In kin sauka ki kira ni, ko da ba za ki ce komai ba sai "mun iso".

Wassalam.

Mamanki,
Hajara
Kilomita Biyar, Bangui